Dole sai mun koma Yamai kafin mu kafa kamfanin fasaha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama karatun kwamfuta a jami'ar André Salifou ta nan Damagaram. Ni da abokaina biyu muna son mu kafa ƙaramin kamfani, mu ƙera manhajar salula da za ta riƙe wa 'yan kasuwa lissafin kaya da na bashi. Abin da muka tara bai wuce jaka 600 ba, wato sefa 600,000. Kowa na ce mana sai mun koma Yamai, ko ma Legas, don can ƙwararru da masu zuba jari suke. Gaskiya ne? In za mu zauna gida, ta ina za mu fara? Daga wani matashi a unguwar Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Ku zauna gida tukuna.

Masu ce maku ku tafi ba ƙarya suke ba. A Yamai ne ma'aikatu suke, da hedkwatocin bankuna da na kamfanonin salula, da hukumar ANSI ta gwamnati mai kula da harkar fasahar zamani, da cibiyar CIPMEN mai renon ƙananan kamfanoni. Sai dai duk waɗannan bukatun gobe ne. Bukatar yau ita ce mutum guda da zai zaro kuɗi daga aljihu ya biya ku, kuma wannan mutumin yana zaune a Kasuwar Dole, ba a tazarar kilomita wajen 900 ba. Jaka 600 a Yamai haya da abinci za su lashe ta kafin ku gama gane hanyoyin gari. Batun masu zuba jari kuma, mafi yawan kuɗin da ke shigowa kamfanonin fasaha na Afirka daga waje yana tafiya ne Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu da Masar. Komawa Yamai ba za ta kusantar da ku gare su da yawa ba.

Abin da kuke da shi wanda mai rubuta manhaja a Dakar ko Legas ba ya da shi shi ne sanin yadda ɗan kasuwar nan yake ƙirga. In Alhaji ya ce "ɗari biyu", dala yake nufi, wato sefa 1,000. Manhajar da ta nuna masa 1,000 alhali a bakinsa ɗari biyu ce za ta sa shi lissafi biyu a kowane ciniki, kuma cikin mako guda zai koma wa littafinsa. Mai hatsi da tiya da buhu yake awo, ba da kilo ba, tiya kuma ba daidai take ba daga kasuwa zuwa kasuwa. Wanda ke saro kaya Kano, mai nisan kilomita wajen 240, ta Matamai ko Magarya, da naira yake saye ya sayar da sefa. Waɗannan su ne jarinku na gaske.

Kada ku taɓa kwamfuta a watan farko. Ku zaɓi layin sana'a guda, a ganinmu 'yan sari masu ba masu butik da 'yan tebur kaya bashi sun fi dacewa, don su ne bashi ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Ku nemi shago goma, ta hannun wanda aka yarda da shi a kasuwar, ku zauna a kowane na yini biyu, har da ranar Alhamis da kasuwa ke cika. Ku lura da wanda ke riƙe da biro. Sau da yawa ba mai shago ba ne, yaronsa ne, kuma rubutun cakuɗe yake, Faransanci a nan, Hausar boko a can, wani wurin ajami. Yaron ne zai danna manhajar, Alhaji ne zai biya, kuma bukatunsu sun bambanta: shi yaro sauri yake so, shi Alhaji so yake ya san abin da ya wakana bayan fitarsa.

Daga nan ku yi aikin da hannu na wata guda. Kowace yamma yaron shago ya ɗauki hoton shafin ranar ya turo ta WhatsApp, ku shigar a tebur ɗin lissafi, da safe ku aika wa mai shago saƙon murya: wane ake bi nawa, tun yaushe, wane kaya ya kusa ƙarewa. Ku sa farashi tun ranar farko, a ce jaka 2 ko 3 a wata. Nan ne matasa suka fi faɗawa rami, domin mutanenmu masu kara ne. Za a ce maku "madalla, Allah ya sa albarka", ku ɗauka an saya. Yabo ba ciniki ba ne. In uku cikin goma suka biya wata na biyu ba tare da kun yi ta sintiri ba, ku fara ƙera manhaja. In babu ko ɗaya, kun tsira da kuɗinku, sai ku sauya layi.

Akwai abin da ba za a faɗa maku a fili ba: tsoron tonon asiri. Ɗan kasuwa ba ya son maƙwabcinsa, ko yaronsa, ko mutanen lampo su san ainihin ribarsa. Don haka ku raba shiga gida biyu, yaro ya iya shigar da ciniki amma kada ya ga farashin sari da jimillar riba, kuma kada ya iya goge abin da ya riga ya shigar. Tun da za ku riƙe sunaye da lambobin mutanen da ake bi bashi, ku sani akwai hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan jama'a, kuma ana sanar da ita irin wannan aiki.

Yanzu ƙirar kanta. Android kawai, ku manta da iPhone. Manhajar ta yi aiki cikakke ba intanet, bayanai su zauna a cikin salular a rumbun SQLite, in rezo ya dawo ta tura su sabar, wato kwamfutar da ke tara bayanan a intanet. Ku gwada ta a kan tsohuwar Itel ko Tecno mai ƙwaƙwalwar giga 1 ko 2 wadda hotuna suka cika, ba a kan wayarku mai kyau ba, kuma ku yi ƙoƙari nauyinta kada ya wuce mega 15. Kuskuren da ya fi ɓata irin wannan manhaja shi ne ajiye jimillar bashi a matsayin lamba guda da ake gyarawa. A ce ana bin wani jaka 50. Yaro ya karɓi 10 a shago ba rezo, salularsa ta rubuta 40. Alhaji ya ba mutumin ƙarin kayan jaka 20 a sito, tasa ta rubuta 70. In duka suka hau sabar, ta ƙarshe za ta danne ta farko, alhali amsar gaskiya 60 ce. Ranar da hakan ta faru kun rasa shagon, da duk shagunan da ke layinsa. Maganin shi ne kada ku taɓa gyara jimilla. Kowane bayarwa da kowane biya ya zama sabon layi mai lambar shaida tasa, jimilla kuma a riƙa tara ta daga layukan. Ko kuskure aka yi, a shigar da layin da ya warware shi, kada a goge. Ku ajiye lokacin sabar tare da na salula, don agogon waya kan koma baya in batir ya mutu. Kuɗi a ajiye shi da cikakkiyar lamba ta sefa, a nuna shi da dala ga mai so. Bashin da aka ci da naira ya zauna da naira tare da canjin ranar, saboda sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa hawa da sauka take, kuma rigima kan wane canji za a biya da shi tsohuwa ce a kasuwannin iyaka.

Rajistar Google Play dalar Amurka 25 ce sau ɗaya, sai da katin banki irin Visa ko Mastercard. Amma yawancin mutane ta Xender za su karɓi manhajar daga maƙwabci, don haka ku sa ta riƙa duba kanta ta faɗa wa mai ita in sabuwa ta fito. Lambar USSD (irin wadda ake dannawa da * da #) ko tura saƙo da sunan kamfani na bukatar yarjejeniya da Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom ɗaya bayan ɗaya, ku bar shi sai gaba. Don tunatar da mai bashi, manhajar ta shirya saƙon ta buɗe WhatsApp ko saƙon wayar mai shagon, shi ya tura. Ba ku kashe ko dala ba, kuma wanda ake bi ya fi jin nauyin lambar da ya sani.

Kada ku riƙe kuɗin mutane, ko da an roƙe ku ku ƙara wurin biyan bashi a ciki. Wannan aiki ne mai bukatar lasisin babban bankin BCEAO. Kuɗin watanku ku karɓa ta Airtel Money ko Nita ko Amana, ko hannu da hannu da rasit. Ku lissafa kuɗin kabu-kabun zuwa karɓa, in ba haka ba zai cinye rabin jaka 2 ɗin. Gara a karɓi na wata uku a dunƙule da ɗan rangwame, musamman bayan kaka da kuɗi ke yawo.

Wuta ita ce harajin zama Damagaram. Wutar yankin nan da yawa daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agustan 2023. Ba sai kun sayi manyan kaya ba. Kwamfuta uku a wat 50 kowace 150 ke nan, ƙara na'urar intanet wat 10 da fanka wat 30 zuwa 40, kun kai wajen wat 200. Ɗauke wuta na awa 5 na cin kilowat-awa 1. Batirin lithium mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar kusan kilowat-awa 1.2, ya isa. In na ruwa ko na jel za ku saya sai mai amfiya 200, don rabinsa kawai ake sha, in kuka riƙa tatse shi ƙasa da haka a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, ba zai daɗe ba. Allon sola na wat 300 zuwa 400, da na'urar daidaita caji ta MPPT, da inbata ta wat 500 mai tsabtatacciyar wuta sun wadatar. Batir ya zauna a inuwa inda iska ke ratsawa, allo kuma a share shi kowane mako lokacin hazo. Intanet kuwa, layi biyu na kamfanoni daban-daban. Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025, amma kuɗin watansa da wutar da yake sha sun fi ƙarfinku yanzu, sai dai ku haɗa da maƙwabta. Ofis ma ba dole ba ne, ɗaki guda a gida ya isa.

Takardu na iya jira har kun sami masu biya, amma yarjejeniya tsakaninku ba ta jira. Ku rubuta kason kowa, da sharaɗin cewa kaso na nuna ne a hankali cikin shekara 4, wanda ya fita kafin shekara guda ba ya da komai. Abokai kan ji nauyin wannan magana, sai ranar da ɗaya ya sami aiki a wata ƙungiyar agaji ko a matatar SORAZ ya tafi da sulusin kamfanin da wasu za su ci gaba da yi wa wahala. Ku rubuta cewa manhajar mallakar kamfani ce, kuma asusun Play da sunan shafi da makullan sabar kada su zauna hannun mutum ɗaya. Addini ma ya ce a rubuta, a kafa shaidu. In lokaci ya yi, ku yi rajistar SARL, wato kamfanin haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki, bisa dokar kasuwanci ta OHADA, ku karɓi lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF ta ofishin ɗakin 'yan kasuwa na jaha. Ba tare da su ba, makaranta ko asibiti mai zaman kansa ba zai iya biyan ku da takarda ba.

Irin waɗannan wurare ne za su ciyar da ku kafin manhajar ta tsaya da ƙafarta: lissafin kuɗin makaranta, ajiyar kayan kantin magani. Ku karɓa, amma kwana biyu a mako kawai, da kafin alƙalami na kashi 40 ko 50, domin aikin kwangila daɗi gare shi, yakan haɗiye kamfani har a manta da abin da aka fito yi. Ma'aikata kuwa, ku ɗauki ɗaliban jami'a masu neman horo ku koyar da su, kuna sane da cewa wanda ya ƙware na iya tafiya, don haka komai a rubuce.

In kuna neman jari daga nan inda kuke, Gidauniyar Tony Elumelu na ba da dalar Amurka 5,000 ga waɗanda ta zaɓa daga duk ƙasashen Afirka, ta intanet ake nema. Mafi kusa kuma shi ne Alhajin da manhajar ta riga ta dawo masa da bashin da ya manta. Sai dai ku fayyace tun farko: rance ne ko tarayya? Shi ya saba da jarin da ke juyawa cikin mako biyu, in ba ku gaya masa cewa shekara biyu na iya wucewa ba riba ba, wata na uku zai aiko a karɓo kuɗinsa.

Yamai za ku je, amma da alƙawarin ganawa a hannu da takardar shaguna nawa ke biya, wata nawa a jere, ku yi kwana uku ku dawo. Kafin nan faɗaɗawarku ta bi hanyar da kayan 'yan sarinku ke bi: Mirya, Matamai, Magarya, sannan Maraɗi. Kowane mai butik da ya karɓi saƙon tunatarwa daga Kasuwar Dole ya riga ya ga aikinku, ku sa sunan manhajar da lambar wayarku a ƙasan saƙon.