Zinovia da Zainabu ba suna ɗaya ba ne: amsa ga mai jiran haihuwa a Jamus

Wani ɗan'uwa ɗan Funtuwa da ke aiki a Stuttgart ne ya rubuto. Matarsa 'yar asalin Girka ce, a Jamus aka haife ta amma fasfon Girka take riƙe da shi, kuma likita ya ce mace suke jira nan da wata biyu. Shi yana son ya yi wa mahaifiyarsa takwara, Zainabu (ya ce a yafe masa, dole ce ta sa ya rubuta sunan). Ita kuma sunan tata uwar take so, Zinovia. Wani abokin aikinsa ɗan Siriya ya ce masa kada ya ɗaga hankalinsa, ai sunan ɗaya ne, Turawa ne suka lanƙwasa Zainab ya koma haka. Yana tambaya ko gaskiya ne, mene ne ma'anar sunan, ana yawan sa shi, kuma me zai rubuta a takarda.

Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Abokinka da kyakkyawar niyya ya yi magana, amma kada ka gina komai a kanta. Sunaye biyu ne, kowanne da gidansu.

Zinovia shi ne abin da sauran Turawa ke rubutawa Zenobia, kuma Girkanci ne tsantsa. Rabinsa na farko daga Zeus ya fito, babban abin bautar Girkawan dauri, wanda suke cewa shi ke riƙe da sama da tsawa. Rabi na biyu yawancin masana sun ce daga kalmar rayuwa ne, wasu kuma suka ce daga wata kalma mai kama da ita da ke nufin ƙarfi. Wato dai "rayuwar Zeus" ko "ƙarfin Zeus". Ko wacce ka ɗauka, Zeus yana nan daram. Zainab kuwa Larabci ne, malaman lugga suka ce sunan wata itaciya ce mai ƙamshi, wasu suka ce zainu ab ne, adon uba.

Ruɗanin ya samo asali ne daga mace ɗaya, sarauniyar Tadmur, birnin nan na hamadar Siriya da Turawa ke kira Palmyra. An kashe mijinta Uzaina a 267, ɗansu yana ƙarami, ta riƙe masa mulki. A 270 rundunarta ta ci Masar, shekara ta zagayo ikonta ya kai har Ankara, a lokacin da daular Rum ke fama da kanta. Sarkin Rum Aurelian ya taso mata a 272, ya karya ta kusa da Antakiya, ya sake karya ta a Hims, aka kama ta a bakin kogin Furat tana neman tsallakawa wajen Farisawa, aka tafi da ita. Mutanen Tadmur harshe biyu suke rubutu da shi. A Girkanci sukan rubuta Zenobia, a harshensu na Aramiyanci kuma Bat-Zabbai, 'yar Zabbai. Labaran Larabawa, irin wanda Ɗabari ya kawo a tarihinsa, sun adana ta da sunan Zabba'u, daga baya wasu suka riƙa ce mata Zainab saboda kusancin lafazi. To ka ga inda abokinka ya samo maganarsa. Ɗan nata ma Wahaballat sunansa, kyautar Lata, gunkin nan da aka ambata a Suratun Najmi, don ka san irin zamanin da ake magana a kai.

A Siriya sunan abin alfahari ne, ba ruwansu da Zeus. Hotonta ne a takardar lira 500 da aka buga a 1998. Khalid al-As'ad, dattijon da ya kwashe shekaru yana kula da kufan Tadmur har 'yan Da'ish suka kashe shi a watan Agusta na 2015, sunan sarauniyar ya sa wa 'yarsa. A wajen surukarka kuwa wata hanya ce daban: cocin Otodoks na da wasu wa da ƙanwa, Zinovios da Zinovia, da aka kashe saboda addininsu, ana tunawa da su ranar 30 ga Oktoba. Bagirke yakan yi bikin ranar waliyyin da ya ci sunansa kamar yadda wasu ke bikin ranar haihuwa, ko ma fiye. Idan ka lura, a wannan ranar ce wayar surukarka ba ta hutawa.

Batun yawa, ba suna ne da ake tuntuɓe da shi ba. A Girka sunayen da suka cika gari su ne Maria, Eleni, Katerina da Vasiliki. Zinovia yawanci gadonsa ake yi daga kaka. A Jamus ya fi haka ƙaranci. Sunan Girka da Jamusawa suka runguma shi ne Sophia, wanda ke sahun gaba a jerin da ƙungiyar kula da harshen Jamusanci ta Wiesbaden ke fitarwa duk shekara. 'Yarka za ta iya gama firamare ba ta haɗu da takwara ba, kuma za ta sha maimaita wa mutane yadda ake rubuta shi.

Akwai abin da ba wanda zai faɗa maka a Stuttgart, sai ni. Ɗauki sunan ka sa shi a bakin mutanen Funtuwa. Ba mu da harafin v, don haka Zinobiya zai koma. Wanda ya yi makarantar allo zai ji shi yadda Larabawa ke faɗa, Zanubiya. Daga nan zuwa "Zunubi" taku nawa ne? Ranar da ka kai ta hutu ta shiga cikin 'yan'uwanta a tsakar gida, kafin la'asar wani ɗan baffanta mai tsokana ya gano wannan, kuma ka san sunan tsokana ba ya mutuwa a gidan Bahaushe.

Ta fuskar addini, fatawa ta malamai ce, amma ka je musu da cikakken bayani. Annabi (SAW) ya sauya sunaye da dama. Zainab bintu Jahsh kanta Barra ake ce mata kafin ya sauya mata, Abdurrahman bin Auf ma ba sunansa na yanka ba ne. Malamai sun haɗu a kan hana sunan da ke bautar da mutum ga wanin Allah. Zinovia ba ya cewa "baiwar Zeus", kuma Musulmin Siriya suna sa shi, amma sunan abin bautar na cikinsa. Idan ka je ka ce wa malam "Zainab ne da Girkanci", zai ce ba laifi, kai kuma ka san ba abin da ka tambaya ke nan ba. Ni dai da ni ne ba zan sa shi suna na farko ba.

Kafin ku ja daga da maiɗakinka, ka sani al'adarsu na iya zama a bayanka. Girkawa ma takwara suke yi wa iyaye, har sun fi mu tsanantawa. A yawancin sassan ƙasar, 'yar fari sunan uwar miji take ci, ta biyu ta ci na uwar mata. A wasu tsibirai, kamar Karpathos, akasin haka ne, 'yar fari ta ɓangaren uwa ce. Tambayi surukinka yadda ake yi a garinsu, cikin girmamawa, ba don ka ci gardama ba. Idan kuma abin da matarka ke so shi ne wani abu na Girka ya kasance a sunan 'yarta, ba lallai sai na uwarta ba, akwai Zoi. Ma'anarsa rayuwa kawai, babu Zeus, kuma da shi aka fassara sunan Nana Hauwa'u a tsohuwar fassarar Attaura ta Girkanci. Sai dai Zoi ba zai share hawayen tsohuwar da ke jiran takwara ba, wannan kuma ku biyu ne za ku auna shi.

Yanzu takarda, inda na fi ganin 'yan'uwanmu suna faɗawa rami. Asibiti zai sanar da ofishin rajista, Standesamt, cikin mako guda da haihuwa, amma doka ta ba ku wata guda ku kai suna. Saboda haka ba dole ba ne ka cika gurbin suna a takardar da za a miƙo maka a ɗakin haihuwa kana rawar jiki. Kana iya jira a raɗa suna ranar bakwai, kashegari ka kai. Kada dai ka wuce haka, domin kuɗin yara da kuɗin renon jariri da shigar da ita inshorar lafiya duk suna son takardar haihuwa. Abin da aka rubuta kuma ya zauna. Sauya suna a Jamus sai da ƙwaƙƙwaran dalili, "mahaifiyata ba ta ji daɗi ba" ba ya cikinsu.

Idan kun daidaita a kan sunaye biyu, ku rubuta su a rabe, kada ku sa ɗan layin nan da ke haɗa su. Da layi, doka suna ɗaya take ɗaukarsu, a haka za su bi ta ko'ina. Ba layi, tana iya amfani da wanda ta ga dama, kuma tun Nuwamba 2018 mai sunaye da yawa na iya zuwa Standesamt ya sauya jerinsu. Ka bar mata wannan ƙofar.

Sai rubutu. Da alama yarinyar nan ƙasa uku za ta samu: Girka ta uwa, Najeriya ta uba kamar yadda sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, Jamus kuma saboda daɗewar uwarta a ƙasar, tunda daga Yuni 2024 shekara biyar ake nema a maimakon takwas. Fasfon Girka ZINOVIA zai fitar, domin haka suke mayar da harufansu zuwa boko. Idan ka rubuta Zenobia a Jamus, ka jawo wa yarinya sunaye biyu a fasfo biyu. Haka Zainab, Zainabu da Zaynab: zaɓi ɗaya, ka rubuta shi a takarda da manyan baƙaƙe, ka ɗauki hotonsa a waya, duk fom ɗin da za a cika daga nan za a kwafa. Fasfon Najeriya yana tafiya da lambar NIN, harafi ɗaya ya saɓa sai ka yi ta zarya tsakanin Stuttgart da ofishin jakadancin Najeriya a Frankfurt ko Berlin. Ka duba naka takardun tun yanzu ma, domin ofisoshin Jamus sukan tura takardun Najeriya a bincika sahihancinsu, abin da kan ci watanni. Idan ba a taɓa tantance naka ba, ka je Standesamt ɗin garinku a wannan makon ka tambayi abin da za su nema.

Hajiya mahaifiyarka kuma kada ta ji a bakin wani. Kira ta da kanka kafin haihuwa, ka ce takwararta ce, sannan ka gaya mata akwai suna na biyu na ɓangaren uwar, ka faɗi na wane ne. Kada ka ce mata fassarar sunanta ne, jikokinta na riƙe da waya, za su bincika. Ka aika kuɗin rago da goro da wuri a yanka a Funtuwa idan yanka ya yi maka wuya a nan, liman ya raɗa Zainabu. A gida ma ba wanda zai kira yarinyar da sunan Hajiya gatsau, Ummi ko Mama za a riƙa ce mata. Wannan na alkunya ne, kada ya shiga kowane fom.