Malam, kafin ka biya kuɗin RV ɗin nan ka hau rufinta

Assalamu alaikum Malam. Tun daren jiya na ga tambayarka, cewa an sake ƙara maka kuɗin haya a Dalas ta jihar Teksas a Amurka abin ya sha maka kai, kana tunanin ka haɗa ɗan abin da ka tara ka sayi tsohuwar RV, wato motar nan mai ɗaki da banɗaki da ake zama a ciki kamar gida, ku koma ciki gaba ɗaya kai da mai ɗakinka da yaro. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni ma daidai nan na tsaya a 2020, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya min gaskiya.

Tawa a hannun wani mutum na saya, talla na gani a intanet, irin mai gado a saman kujerar direba. Ranar da na je gani ya buɗe tagogi duka, ya fesa turare ko'ina, ya kalli tsabar idona ya ce min ko ɗigo ɗaya ba ta taɓa yoyo ba. Ya ga matata da goyo fa, har wasa ya yi wa yaron. Ruwan farko da aka yi bayan mun tare, cikin dare na ji yaro yana kuka, na shafa katifarsa sharkaf. Da gari ya waye na danna bangon gaba da yatsa sai ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi, katakon ciki duk ya ruɓe ya yi baƙi, ashe fenti ya shafa a kai da takardar bango sabuwa. Na kira shi ya fi sau goma bai ɗauka ba, daga baya ya turo min saƙo layi ɗaya wai a yadda na gan ta na saya, kuma haka ɗin ne a takardar da na sa wa hannu. Har yau in na tuna yadda ya yi wa yaron nan dariya alhali ya san inda zai kwana, raina ɓaci yake. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Kuɗin da muka ce za mu rage a haya, gyaran nan ya lashe shi tas.

Don haka don Allah ka hau rufin da kanka, ka duba kowace gaɓa da aka liƙe da gam, kewayen iyakwandishan da tagar sama, ka shiga ciki ka danna bango da ƙasa musamman gefen banɗaki, ka buɗe kabad ka sunsuna. In ka ji warin rima, juya ka tafi kawai. Akwai masu aikin duba RV kafin a saya, ka biya su, kuɗin ba ya kai ko kusa da abin da na yi asara. Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka, lambobi huɗu na ƙarshe a jikin lambar da ta fara da haruffan DOT a gefen tayar su ne sati da shekarar da aka yi ta, in ta haura shekara shida bakwai to ka saka kuɗin sababbi a lissafi.

Wani abin da ba a faɗa, wuraren fakin da yawa ba sa karɓar RV da ta wuce shekara 10, sai su ce ka turo hoto tukun. Mu sai da muka yi kwanaki muna yawo kafin mu samu waje. Ka nemi wurin ajiyewa KAFIN ka saya, ka tambaya ko wuta tana cikin kuɗin wata, galibi daban ake biyanta da mita, kuma zafin Teksas ka san shi, iyakwandishan ba ya hutawa.

Sai kuma sanyin Fabrairun 2021, waɗanda ke nan sun san abin da nake faɗa. Sanyi ya kai wajen digiri 19 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, aka ɗauke wuta, tiyon ruwanmu ya daskare ya zama kamar sanda, bututun ƙarƙashi ya fashe. Hita ɗin gas yake ci amma fankarsa da batir take aiki, batir ya mutu cikin dare. Muka naɗe yaro da barguna uku muka sa shi tsakaninmu, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi, matata ba ta ce min komai ba, shirun nan nata ya fi min ciwo da a ce faɗa ta yi. Na so in kunna murhun girki mu ji ɗumi ta hana ni, kuma ita ce da gaskiya, mutane sun mutu a satin nan saboda hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa. Ka tabbata na'urar da ke ƙara in iskar ta gurɓace tana aiki, janareto kuma nesa da taga. Wani ɗan'uwa da muke haɗuwa a masallaci ne ya zo ya kwashe mu da asuba, Allah ya saka masa da Aljanna.

Maganar ruwa, mu da muke alwala sau biyar muna tsarki da buta, tankinmu da ƙazamin ruwa ke taruwa ya fi na sauran mutane saurin cika, ka sa wannan a ranka. Tankin ba-haya kar ka bar bakinsa a buɗe ko da kana jone da magudana, ka bari ya kusa cika sannan ka saki, bayansa ka saki na ruwan wanka ya wanke tiyon. In ka bar shi a buɗe ruwan ne zai tafi sauran ya taru ya daskare, ranar da za ka gane ba za ka ji daɗi ba.

Inshora ka gaya musu gaskiya cewa ciki kuke zaune, daban take da ta mai fita hutu. Adireshi kuma tunda kana Teksas ka huta, akwai masu karɓar wa mutum wasiƙu a garin Livingston nan Teksas, wasu har daga wasu jihohin suke zuwa yin rajista can ko Filorida ko Dakota ta Kudu. Filayen gwamnati na BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, da mutane ke ta zuga cewa kyauta ne, yawancinsu kwana 14 ne ka tashi, kuma can yamma suke irin su Arizona, ba ruwa ba wuta, ba na mai zuwa aiki kullum a Dalas ba ne.

Kuma Malam ka zauna da Hajiya ku yi magana ta gaskiya, ita ce za ta wuni a ɗan lungun nan da yaro kana wajen aiki, ba maƙwabciya ba wurin shanya, in ta soya albasa har cikin kayan sawa. Tawa ta yi haƙuri sosai, mun gyara mun zauna har yanzu muna ciki, akwai daɗinsa ba na musu, amma da na sani da na rage kuɗin gyara a gefe ban zuba duka a saye ba. In ka samu RV ɗin da ta kwanta maka, ɗauko hoton rufin da ƙasan gadon gaba da lambar tayoyin ka sako nan in duba maka, in ma ranar Asabar ce zan iya raka ka.