Me ya sa suka yi ta tambayar Inna sunanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Watan jiya aka yi wa mahaifiyata aikin ido a wani asibiti nan Damagaram. Kafin a shiga da ita, mutum uku suka tambaye ta sunanta da idon da za a yi wa aiki, alhali komai na rubuce a takardarta. Har ranta ya ɓaci, ta ce ko sun ɗauka ta ruɗe ne. Ni kuma hankalina ya tashi. Anya sun san aikinsu kuwa?
Mai karatu daga unguwar Birni

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ki kwantar da hankalinki. Da ba su tambaya ba ne zan ce ki damu.

Bincike ne ya haifi wannan tambayar da suka yi wa Inna. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda mai abubuwa 19 da ake bi ɗaya bayan ɗaya a ɗakin tiyata: kafin allurar barci ko ta kashe zafi, kafin a sa wuƙa, da kafin a fito da majiyyaci. Cikinsu har da tabbatar da sunan majiyyaci da wurin da za a yi wa aiki. Aka gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, da na Landan da Manila. Da sakamako ya fito a 2009, masu rasuwa bayan tiyata sun ragu daga 15 cikin dubu zuwa 8, masu samun matsala kuma daga 11 cikin ɗari zuwa 7. Ba sabon inji aka kawo ba, ba sabon magani ba.

Na yi shekaru ina miƙa wa likita almakashi, kuma na ga amfaninta da idona. A ɗaki guda sai ki tarar da mata uku masu suna ɗaya. Wata sunan yanka ne a takardarta, amma tun tana goye sunan rana take amsawa. Wata don kunya, duk abin da ka ce sai ta ce "to". Shi ya sa ba ma cewa "ke ce wance?" Sai mu ce "Inna, yaya sunanki? Nuna mini idon da hannunki." Haka ƙyallayen tsane jini: da baki muke ƙirga su kafin a ɗinke, in ɗaya ya ɓace ba mai motsawa sai an gan shi, ko da likita na harararmu.

Amma takardar ba laya ba ce. A 2014 aka duba asibitoci 101 a lardin Ontariyo na Kanada bayan an wajabta ta, ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. A ganina, duk inda aka cika ta da biro ba a buɗe baki ba, aikin banza aka yi.

In za ku koma a duba idon, ki tafi da katinta da kwalayen duk magungunan da take sha, har da na gargajiya. In wani magani ya taɓa sa mata ƙaiƙayi ko kumburi, ki faɗa tun ba a tambaye ki ba. Ki gaishe mini da ita da jiki.