Hukuncin Karanta Tsofaffin Littattafan Ƙagaggun Labarai

Tambaya: Malam, na tsinci Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja a akwatin mahaifinmu marigayi, ina karanta wa yarana bayan Isha'i. Yayana ya ce in daina, wai ƙarya ce aka tara a takarda. Ina da laifi? Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Malama, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Ki ci gaba da karatunki, halal ne.

Yayanki bai yi magana a banza ba. Akwai hadisin Abu Dawud da Tirmizi da ya yi gargaɗin azaba ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya, ga kuma aya ta 6 a Suratu Luƙman a kan mai sayen zancen shagala don ya ɓatar da mutane. Amma a duba illar. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da bai faru ba. Yaron da ke gabanki kan tabarma ya san aku bai taɓa zama ya hana ɗan sarki fita da hira ba, kamar yadda ya zo a Magana Jari Ce. Tunda an san ƙage ne tun daga bango, babu wanda aka yaudara. Buga misali ne. Ayar Luƙman kuwa, masu tafsiri sun ambaci Nadiru ɗan Harisu, mai kawo labaran Farisa don ya janye Ƙuraishawa daga sauraren Alƙur'ani. Nufinsa ne ya halaka shi.

Hujjar da ta fi kusa da mu tana zaurukanmu. Wane almajirin lugga ne bai ji Muƙamatul Hariri, littafin nan na labarai da Larabci, ba? Abu Zaid ɗin da ke cikinta ƙirƙirarsa aka yi, kuma malamanmu sun karantar da ita ɗaruruwan shekaru ba su ce haram ba.

Kuma waɗannan littattafai na gida ne. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, Magana Jari Ce ta biyo a 1937. Wansa, Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, malamin addini ne da ya yi alƙalanci a garin nan. Ni dai takaicina ganin yaranmu ba su iya haɗa jimla biyu da Hausa mai daɗi, alhali ga dukiya a akwati gara na ci.

Sharaɗi biyu. Kada hira ta ci lokacin sallah ko haddar yaran. Sannan in kin iso wurin damfara da zambar Malam Zurƙe da abokinsa a Ruwan Bagaja, ki ajiye littafin ki tambaye su ko wannan hali mai kyau ne, kada su ɗauka gwaninta ce. Littafin da ke ƙawata batsa ko izgili ga addini kuwa, tsoho ko sabo, bai halatta ba.

Ki gaya wa yayanki cikin ladabi, ki gayyace shi ya zauna ya ji dare ɗaya. Wallahu a'alam.