Mai Kaɗa Jita Ya Musulunta Yana Tsakiyar Rangadi: Yaya Zai Yi?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina karatu a Ingila. Wani Bature ya karɓi kalmar shahada a masallacinmu wata biyar da suka wuce, sana'arsa kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan rok. Rabin shekara suna hanya, kwana a bas, wasa da dare. Akwai sauran kwantiragi a kansa, an kuma gayyace su bikin ba da lambobin yabo. Ya ajiye nan take ne? Kuɗinsa na baya fa? Zai iya kasaru?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya tabbatar da dugadugansa, kai ma ya saka maka da alheri.

Jumhurun malamai, har da mazhabobi huɗu, sun haramta kayan kiɗa masu tsirkiya, jita kuwa tana cikinsu. Hujjarsu hadisin Bukhari ne kan mutanen da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa, sai fassarar da Ibn Mas'ud ya yi wa "lahwal hadis" a aya ta 6 ta Suratu Luƙman da cewa waƙa ce. Mai Risala ma ya hana sauraron kayan wasa da waƙa. An togace mandiri a biki da ranar idi. Ibn Hazm ya raunana hadisin, Ibn Salah da Ibn Hajar suka mayar masa da martani, a zamaninmu kuma Ƙaradawi ya halatta kiɗa da sharuɗɗa. Saɓanin na gaske ne, kodayake ni ina tare da jumhuru.

Sai dai matsalar ɗan'uwanmu ta wuce tsirkiya. Gazali, duk da sassaucinsa kan sauraron waƙa, ya hana kayan tsirkiya saboda alama ce ta majalisin mashaya. To filin wasan rok fa? Mashaya a buɗe a bayan zauren, kofin giya a hannu, maza da mata a cakuɗe cikin duhu, da bazara kuma rana ba ta faɗuwa a Ingila sai bayan tara na dare, wato magariba tana riskarsa daidai lokacin da yake kan dandamali. Waɗanda suka halatta kiɗa sun sharɗanta kada ya haɗu da giya da batsa da tozarta salla. Wannan zaure bai tsallake a wajen kowa ba.

Amma kada ku ɗora masa dutse a ka rana ɗaya. Da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu Yaman, cewa ya yi ya fara da tauhidi, in sun karɓa sai salla, sannan zakka. Ya riƙe salla biyar da haƙori, ya bar giya yau, ya ƙi rera baitin da ke zagin Allah ko tallar alfasha. Kada ya sa hannu a sabon kwantiragi. Na kansa kuwa ya nemi sulhu ko wanda zai maye gurbinsa. In tarar da za a ci shi ta fi ƙarfinsa, ya ƙarasa ragowar yana ƙyama yana istigfari, bisa lalura, da ranar fita a zuciyarsa. Yusuf Islam, wanda aka sani da Cat Stevens, ya musulunta a 1977, ya jingine jita sama da shekara ashirin, ya dawo da faifai a 2006. Labarinsa darasi ne, amma aikin mawaƙi ba hujja ba ne a shari'a, komawarsa ko barinsa.

Abin da ya tara kafin Musulunci nasa ne, halal, domin Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi, Baƙara aya ta 275 ma ta ce wanda wa'azi ya zo masa ya hanu, yana da abin da ya wuce.

Bikin lambar yabo, karɓar kyauta a kanta ba laifi ba ce. Laifin yana teburin: Tirmizi ya ruwaito cewa mai imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. In sun ci, abokansa su karɓo. Kambun Grammy, lambar yabon mawaƙa ta Amurka, siffar garmaho ce, ba komai. Na Brit kuwa, takwararta ta Birtaniya, a asalinsa mutum-mutumin mace ne, irin wannan ba a jera shi a falo.

Kasaru: Malikiyya sun hana ta ga wanda tafiyarsa kanta ta saɓo ce, Hanafiyya sun ba kowane matafiyi. Ga sabon musulunta da ake tsoron salla ta kuɓuce masa, ina ba shi fatawar Abu Hanifa: in tafiyar ta kai ta kasaru, ya mayar da huɗu biyu. Magariba kuwa uku ce, ba ta cin minti biyar. Ya nemi lungu a ɗakin shiri, ya shimfiɗa ko da tawul ne, ya yi ta kafin a kira su ko a tsakanin wasa.

Wallahu a'alamu.