Amsa ga ɗalibar da ta ce aikin nas awo ne kawai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce tunda aka turo ku asibiti ba abin da kike yi sai awon jini (wato na hawan jini) da zafin jiki ki cika takarda, shin nas ma tana da ta cewa kan halin da mara lafiya yake ciki ko dai wannan na likita ne shi kaɗai. Ni na daɗe a aikin nan a Zamfara, ƙauye da birni, bari in faɗa maki abin da na gani.

Likita zai zagayo da safe ya yi minti biyar a bakin gado ya wuce, ke ce za ki wuni ko ki kwana da mutumin nan, to wa zai fara ganin ya canza in ba ke ba? Lambar da kike rubutawa ita kaɗai ba ta cewa komai, sai kin jera ta da ta ɗazu da ta jiya.

Wata rana ina dutin dare wata yarinya ta haihu lafiya, haihuwar fari, an maido ta gado. Awon jininta 110/70, ba laifi. Amma bugun zuciya da na tarar 88, bayan rabin awa ya koma 104, na sake dawowa 118, ga ta sai juye-juye take tana neman ruwa, tafin hannunta sanyi ƙalau. Ka'ida dai babba bugunsa tsakanin 60 da 100 ne a minti. Na duba shimfiɗa ba jini, ashe uwar mijin ce ta canza mata zani har sau biyu ta tura cikin bokiti ƙarƙashin gado, ita a ganinta tsafta ta yi, kuma wai jinin biƙi ne gara ya fita. Na ɗora hannu a mararta na ji mahaifa lakwaf ba ta dunƙule ba. Nan take na hau murza ta, na sa aka sauke mata fitsari, aka ɗaura ruwa, na aika a taso likita. Da na zauna jiran awon jini ya faɗi da labarin ya sha bamban, don mai ƙuruciya jikinta kan riƙe awon har sai jini ya zuba da yawa, bugun zuciya shi ke fara tona asiri.

Sannan tambaya, wallahi rabin aikin tambaya ce, kuma mutanenmu ba sa faɗi sai an bi da su a hankali. Kar ki ce "kun ba shi maganin gargajiya?" da faɗa, za su ce a'a. Ni cewa nake, Inna kafin ku zo me aka ɗan gwada mashi a gida, sai ki ji jiƙo, hayaƙi, allurar mai kemis, duk su fito. Ki tuna abin da ya faru a 2010 yankin Anka da Bukkuyum, yara na ta jijjiga suna mutuwa, ana ba su maganin maleriya ba sauƙi, ashe gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka da niƙa cikin gidaje, ƙurar na shiga bakin yara. Yara sama da 400 suka rasu. Tun daga nan in aka kawo man yaro mai jijjiga sai na tambayi sana'ar gidan da garin da suka fito, bayan na gwada maleriya na duba wuya ko ya sanƙare, tunda sanƙarau ma ya yi mana ɓarna a 2017.

Yara kuma ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur, ban da ƙiyasi. Ɗan wata 2 zuwa shekara in ya kai 50 ya yi sauri, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma 40, ki ɗaga riga ki ga ko ƙasan ƙirji na lotsawa in ya ja iska. Abin da ke ɓata man rai kenan, ka buɗe fayil ka ga an rubuta 20, 20, 20 tun safe har dare, kowa ya san ba wanda ya ƙirga. Mai ciki kuwa in awon jininta ya kai 140/90 tana kukan ciwon kai ko gani dishi-dishi, kar ki sallame ta da farasitamol, a duba fitsari, taune-taune, wato jijjigar masu ciki, ba ya sallama.

Iyakarki dai ki san ta, ba ke za ki sa wa cuta suna ki rubuta magani yadda kika ga dama ba. Amma in za ki kira likita kar ki ce "Dakta zo ka ga gado na huɗu ba ta jin daɗi", zai ce yana zuwa ya koma barci. Ki ce ta haihu ƙarfe 11, bugu ya tashi daga 88 zuwa 118 cikin awa ɗaya, mahaifa ba ta dunƙule ba, na ɗaura ruwa, ina son ka zo yanzu. Ki rubuta lokacin da kika kira shi a fayil. In bai zo ba ki sake kira, ki sanar da sistar da ke sama da ke, ko da za a ce kin cika naci.