Ɗiyata, bita ba jerin gwano ba ce

Ɗiyata,

Na karanta saƙonki har sau biyu, na kuma buɗe babin da kika haɗo da shi. Kin ce kin tara maƙalu 40 a kan cutar mafitsara da robar fitsari ke jawo wa majinyata, kin taƙaita kowacce a sakin layi guda, amma malamar da ke duba aikinki na DNP, wato digirin dokta a aikin jinya, ta dawo miki da shi ta ce wannan ba bitar ayyukan da suka gabata ba ce. Kina tambaya, "Mama, to me ya rage ban yi ba?" Karatu kam kin yi shi, na ga alamar wahala a kowane shafi. Abin da ya rage shi ne har yanzu ke ba ki ce komai ba. Wane ya gano kaza, wance ta gano kaza, su wane suka gano kaza, haka suka jero kamar gwano har shafin ƙarshe. Na nemi muryarki a ciki ban same ta ba.

Ki tuna irin digirin da kike nema. Mai PhD yana duba ayyukan baya ne don ya gano giɓin da ba a cike ba, ya je ya samo sabon ilimi. Ke ba wannan aka aike ki ba. Tun da ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka, AACN, ta amince da wannan digiri a 2004, manufarsa ita ce a ɗauko abin da bincike ya riga ya tabbatar a kai shi bakin gadon majinyaci. Akwai wani ƙiyasi da aka buga a 2000 wanda ake yawan ambatawa, cewa sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Rage wannan tazara ne aikinki. Saboda haka babin nan naki hujja ce za ki kafa a gaban mutanen da za su iya ce miki a'a: shugabar sashe, likitocin da ke zagaye, da 'yan uwanki ma'aikatan jinya waɗanda aiki ya riga ya yi musu yawa. Tambayarsu guda ce. Don me za mu sauya yadda muka saba, a wannan sashe, da waɗannan majinyata? Duk sakin layin da bai taimaka wajen amsa ta ba, ki cire shi ko da kin kwana uku a kansa.

Da na duba babinki na fari, sai na ga inda gizo ke saƙa. Kin rubuta cewa aikinki a kan "rage cutar mafitsara a asibiti" yake. Wannan take ne, ba tambaya ba ce, shi ya sa duk maƙalar da ta ambaci roba ta samu shiga. Har da guda biyar a kan robar da aka shafa wa sinadarin azurfa, alhali ba ki da niyyar sauya irin robar da asibitinku ke saye. Tsarin PICOT da aka koya muku ba ado ba ne. Haruffan nan biyar suna tilasta miki ki faɗi su wane ne majinyatan, me za a yi musu, da me za a kwatanta shi, wane sakamako za a auna, kuma cikin wane lokaci. Idan na fahimci niyyarki daidai, taki za ta zama kamar haka: a cikin manyan majinyata da ke kwance a sashen tiyata da roba a jikinsu, shin ba ma'aikaciyar jinya izinin cire robar bisa rubutacciyar ƙa'ida, in aka kwatanta da jiran umarnin likita, yana rage kwanakin roba da yawan kamuwa cikin wata uku? Ki ɗora maƙalunki 40 a kan wannan ma'auni. Zan yi mamaki in rabinsu suka tsira, kuma kada hakan ya ɓata miki rai.

Batun nema ba zan daɗe a kai ba, amma akwai gyara. Kin rubuta "an yi bincike a intanet". Wannan ba ya wadatarwa. Ki faɗi rumbunan da kika shiga da sunansu, CINAHL da PubMed da Cochrane, da ranar da kika shiga, da kalmomin da kika sa, da yadda kika haɗa su da OR da AND, da dalilin da ya sa kika karɓi wata maƙala kika ƙi wata. A PubMed ki yi amfani da kalmomin MeSH, wato kalmomin da rumbun ya keɓe wa kowane batu, tare da naki, domin marubuta ba suna ɗaya suke kiran abu ɗaya da shi ba. Ki ajiye lissafi tun daga ranar farko: nawa suka fito, nawa maimaici ne, nawa kika zubar daga take, nawa kika karanta gaba ɗaya. Zanen PRISMA da za a nema a wurinki, mai nuna yadda kika tace maƙalun, daga wannan lissafi ake yin sa, kuma ba ya yiwuwa daga baya da ka. Ki je wurin ma'aikaciyar laburaren makarantarku, ki zauna da ita awa ɗaya. Ɗalibai suna jin nauyin wannan, ban san dalili ba, alhali ita sana'arta ke nan.

Ƙa'idar "shekara biyar" kuma, wato ƙin karɓar maƙalar da ta girmi shekara biyar, ki riƙe ta da hankali. Na lura kin bar jagorar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar a 2009 a waje don kawai ta tsufa. Ita ce fa ta ce a cire robar wanda aka yi wa tiyata da wuri, zai fi kyau cikin awa 24, sai in akwai dalilin barin ta. Tushen aikinki ke nan. Ki mayar da ita, ki faɗi a fili dalilin da ya sa kika ketare iyakar shekarun saboda ita. Haka nan dalilin da ya sa shugabannin asibiti za su saurare ki ya girmi shekara biyar: tun Oktoban 2008 tsarin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, ya daina biyan ƙarin kuɗin jinyar wannan cuta idan a asibiti aka kamu da ita.

Yanzu ga inda nake son ki zauna da kyau, domin nan ne sana'ar take.

Ki ajiye rubutu tukuna, ki zana jadawali. Kowace maƙala layi guda. A rukunan sama ki sa: wane irin bincike ne, a wane irin sashe aka yi, mutum nawa, me ainihin abin da aka yi, me aka auna, da wace ma'ana aka auna shi, a waɗanne shekaru aka tattara bayanai, me aka samu, da matakin ƙarfin hujjar. Ko matakai bakwai na Melnyk da Fineout-Overholt kika bi, ko biyar na Johns Hopkins, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Cika jadawalin a kwance ake yi, layi bayan layi. Amma karanta shi daga sama zuwa ƙasa ake yi, rukuni bayan rukuni. Wanda ya karanta a kwance zai sake haifar jerin gwano. Wanda ya karanta a tsaye shi ne zai fara ganin abin da babu maƙala ɗaya da ta faɗa ita kaɗai.

Bari in nuna miki da naki. Idan kika sauko ta rukunin "wane irin bincike", za ki tarar yawancinsu na kafin-da-bayan ne a asibiti guda: an auna, an kawo sauyi, an sake aunawa. Ba a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba. Wannan ba laifi ba ne, haka yawancin aikin inganta jinya yake, amma dole ki faɗa, domin a irin wannan tsari ba a iya rantsuwa cewa ƙa'idar cire roba ce kaɗai ta kawo sauƙin. Sau da yawa tare aka kawo ta da horo da sa ido da tsabtace hannu.

Sauko ta rukunin sashe. A nan akwai aikin da Sanjay Saint da abokansa suka buga a 2016, wanda ya shafi asibitoci 603 a Amurka. A sassan da ba na kulawa ta musamman ba kamuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A sassan kulawa ta musamman kuwa ba ta motsa ba. Kina da wannan maƙala, tana shafi na 14, kin taƙaita ta da cewa "shirin ya yi nasara". Kin wuce zinariya ba ki sunkuya ba. Sashenki na tiyata ne, yana cikin ɓangaren da abin ya yi aiki, kuma wannan ita ce jimla mafi ƙarfi da za ki iya rubutawa a babin gaba ɗaya. Maƙalu shida da kika tara daga sassan kulawa ta musamman kuma yanzu kin san matsayinsu: su ne iyakar hujjarki, ba ginshiƙinta ba.

Sai rukunin shekaru. A Janairun 2015 tsarin sa ido na CDC ya sauya ma'anar abin da za a ƙirga a matsayin wannan cuta. Daga cikin sauye-sauyen, an daina ƙirga fitsarin da ƙwayar yis kaɗai aka samu a ciki. Don haka binciken da ya auna "kafin" a 2014 ya auna "bayan" a 2015 zai iya nuna raguwa ko da babu abin da ya canja a jikin majinyata. Ki duba ko akwai irinsa a tarinki. Shekarar da aka buga maƙala ba za ta nuna miki ba, sai shekarar da aka tattara bayanan.

Akwai kuma wani tarko a lissafin kansa, wanda na ga ya karya gwiwar ɗalibai masu ƙoƙari. Ana ƙirga kamuwa ne a kan kowace kwanakin roba 1,000. Idan aikinki ya yi kyau, kin cire robobi daga jikin waɗanda ba sa bukata, kwanakin roba za su ragu, waɗanda suka saura da ita kuma su ne mafiya jin jiki. Adadin zai iya tsayawa cik, ko ma ya hau, alhali yawan majinyatan da suka kamu ya ragu. In bitarki ta fito da wannan, ita ce za ta ba ki dalilin auna yawan amfani da roba tare da yawan kamuwa. Kin ga yadda babi na biyu, na bita, ke haifar babi na uku, na tsarin aikin. Duk abin da za ki auna, da duk matakin da ke cikin ƙa'idarki, ya kamata mai karatu ya iya sa yatsa ya nuna inda ya fito a bita.

Da wannan a hannu, sakin layinki zai sauya kama. Ba zai fara da sunan marubuci ba. Zai fara da abin da kika gano: cewa tsawon zaman roba shi ne babban abin da ke kawo kamuwa, cewa tunatarwa da umarnin cire roba da aka rubuta tun da farko suna rage wannan zama, cewa amfanin ya fi bayyana a sassan da ba na kulawa ta musamman ba. Sunayen su biyo baya a matsayin shaidu, uku ko huɗu a jimla ɗaya in bakinsu ya zo ɗaya. Inda suka saɓa, ki tsaya ki faɗi dalilin saɓanin a ganinki. Kanun babin ma su zama na batutuwa, ba na mutane ba.

Abu guda nake roƙonki da shi, kuma daga zuciyata yake. Kada ki ɓoye maƙalar da ba ta goyi bayanki ba. Na taɓa duba aikin wata ɗaliba mai hazaƙa, a kan batu makamancin naki. Ta ci karo da rahotannin majinyatan da fitsari ya tsaya musu bayan an cire roba har aka sake sa wata, sai ta bar su a waje don kada hujjarta ta yi rauni. Ni ma ban tsananta tambaya ba, kuma wannan nauyi a wuyana yake. Ranar da ta gabatar a sashen, tambayar farko da wani likitan tiyata ya yi ita ce wannan. Ba ta da amsa, aka jinkirta aikin wata da watanni. Abin da ya fi damuna ba jinkirin ba ne. Da an amince a ranar, da an fara cire roba babu tsarin duba mafitsara da na'ura bayan cirewa, babu ƙa'idar awa nawa za a jira kafin a kira likita, kuma wani dattijo da ke kwance ne zai kwana da ciwon mara saboda abin da muka ƙi rubutawa. Da ta koma ta sa rahotannin, su ne suka ba ƙa'idarta rabin da ya ɓace. Ki tuna kuma mujallu sun fi buga aikin da ya yi nasara, don haka wanda bai yi ba in kin same shi, ki riƙe shi da hannu biyu.

Tsarin APA na ambaton maƙalu da jera manazarta ki bar wa manhajar Zotero ko EndNote, ki dai bi su da ido a ƙarshe. Ki guji kwafo kalaman marubuta, kuma kada ki ambaci maƙalar da taƙaitawarta kawai kika karanta.

Kada ki goge tsohon babin, taƙaitawar da ke ciki ce za ta cika miki jadawali cikin kwana biyu ko uku. Ki gyara tambayar, ki kai wa malamarki ta sa albarka kafin ki ci gaba, domin ita ce mai aikin, ni mai ba da shawara ce. Sannan ki aiko mini da jadawalin kafin ki rubuta ko layi ɗaya, tare da jimla uku a ƙasansa: abin da hujja ta tabbatar, abin da ba ta kai ga tabbatarwa ba, da abin da hakan ke nufi ga sashenku. Rukunin shekarun tattara bayanai zan fara dubawa.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa aikin ya amfani majinyatanki.